Sharhi kan tashar BAHFest: gasar shirya hasashe marar tushe da gangan

Kimanin wata guda ke nan ina bibiyar tashar BAHFest a YouTube, kuma na ga ya dace in rubuta abin da na gani domin amfanin malamai 'yan'uwana masu koyar da ilimin halittu, da duk wanda yake yawan cin karo da labaran da ake buɗewa da cewa masana sun gano dalilin da ya sa maza ko mata suke yin abu kaza. Tashar kyauta ce, babu abin da ake biya sai kuɗin data, kuma abin da ke cikinta bidiyoyi ne na wani taron barkwanci da mai zanen ban dariya ɗan Amurka, Zach Weinersmith, ya ƙirƙiro, wanda aka fara gudanarwa a jami'ar MIT da ke Amurka a shekarar 2013, daga baya kuma aka riƙa yin sa a wasu birane kamar San Faransisko da Landan.

Ƙa'idar taron ita ce mutum ya hau dandali ya kare wani hasashe wanda shi kansa ya san ba gaskiya ba ne, amma ya ƙawata shi da jadawali da alƙaluma da natsuwar malamin jami'a, sa'an nan alƙalai, waɗanda akwai masana na haƙiƙa a cikinsu, su yi masa tambayoyi. Asalin abin wani zane ne da Weinersmith ya yi, inda ya raya cewa an siffanta jarirai ne domin a riƙa cilla su ta sama daga wannan ƙauye zuwa wancan, shi ya sa jikinsu ba gashi, kuma suke dariya idan an jefa su sama an cafe. Wanda ya ci gasar farko, Tomer Ullman, ya kafa hujja cewa kukan jarirai ya wanzu ne domin mayaƙan dā suna goya su zuwa fagen daga, ƙarar kukan tana tayar musu da tsimi. Wannan shi ne bidiyon da na fi so, domin mutumin bai yi ko murmushi ba, yana ta jero hujja kan hujja har mai kallo ya fara gyaɗa kai kafin ya ankara.

Wanda ake yi wa shaguɓe a nan ba ɓoyayye ba ne. Fanni ne da ake kira evolutionary psychology da Turanci, wanda ke neman bayyana halayen ɗan Adam ta hanyar ƙa'idar juyin halitta, wato cewa kishi da tsoro da zaɓen abokin aure sun samo asali ne daga matsalolin da kakanni suka fuskanta a zamanin farauta da tsintar 'ya'yan itace. Leda Cosmides da John Tooby, waɗanda suka yi aiki tare a jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, tare da David Buss, su ne suka fi fice wajen kafa shi tun daga shekarun 1980. Sukar da ake yi wa wannan salon tunani ta girmi fannin kansa, domin tun a 1979 masana ilimin halittu Stephen Jay Gould da Richard Lewontin suka yi gargaɗi cewa ba wuya a shirya wa kowace siffa ta halitta labari mai daɗi na amfaninta, wuyar tana wajen gwada labarin. Mu da muka tashi muna jin tatsuniyar abin da ya tsuke wa zanzaro ƙugu mun san daɗin irin wannan bayani, sai dai ita tatsuniya ba ta taɓa cewa daga ɗakin bincike ta fito ba. A 2007 wasu masu bincike a jami'ar Newcastle ta Ingila sun ba da rahoton cewa mata sun fi karkata ga launuka masu ja-ja, suka kuma kawo yiwuwar cewa hakan ya biyo bayan tsintar nunannun 'ya'yan itace, alhali al'adar ware wa 'yan mata ruwan hoda ba ta kafu a Amurka ba sai a cikin ƙarni na 20. Da an karanta wannan bayani a dandalin BAHFest, ban tabbata masu kallo za su bambance shi da na 'yan gasa ba.

Na gwada abin a ɗakin malamai. Na kunna wa wani abokin aikina bidiyon kukan jarirai ba tare da na gaya masa ko mene ne ba, na kuma rage sauti daidai inda jama'a ke dariya, ina fassara masa. Da aka kai tsakiya sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Malam, ai wannan magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta." Da na faɗa masa wasa ne, ya daɗe yana dariya, sa'an nan ya tambaye ni ta yaya zai gane na gaske idan ya gani.

Tambayar tasa ita ce babban giɓin tashar. Ba a tsayawa bayan kowane jawabi a nuna inda hujjar ta karye, saboda haka mai kallo yana iya tashi da zaton cewa duk fannin shaci-faɗi ne, kuma wannan rashin adalci ne. Binciken da Buss ya wallafa a 1989 ya ƙunshi mutane sama da 10,000 daga al'ummomi 37, har da Najeriya da Zambiya, ya kuma nuna cewa kusan ko'ina maza sun fi mata damuwa da ƙuruciyar abokin aure, mata kuma sun fi duba abin hannu. A 2020 an maimaita irinsa a ƙasashe 45, aka sake samun wannan bambanci. Amma a 1999 masana halayyar ɗan Adam Alice Eagly da Wendy Wood sun sake nazarin alƙaluman Buss ɗin, suka nuna cewa wasu bambance-bambancen suna raguwa a ƙasashen da mata ke da ƙarin dama ta ilimi da sana'a, abin da ke nuna cewa tsarin zamantakewa ma yana da hannu. Wannan ita ce taƙaddama ta gaske, inda ɓangarori biyu ke jayayya a kan alƙaluma guda, kuma ko kaɗan ba za ka same ta a tashar ba.

Ta fuskar inganci, ba dukan bidiyoyin ne suka yi daidai ba. Wasu 'yan gasar suna bin dariya har su manta da hujja, sai jawabin ya koma wasan barkwanci zalla, ya rasa abin da ya sa ake kallonsa. Komai da Turanci ake yi, cikin sauri, kuma fassarar rubutu ta kwamfuta takan kwafsa a kan kalmomin kimiyya. Akwai kuma jawaban da ke taɓo batun jima'i, don haka malami ya fara kallon kowane bidiyo shi kaɗai kafin ya kai shi aji. Gajeru ne, yawanci 'yan mintoci, ana iya sauke biyu ko uku da dare lokacin da data ke da arha. Ni na zaɓi na Ullman domin ɗalibaina na ajin ƙarshe a zango mai zuwa, kuma zan tsayar da shi a tsakiya in ba kowa takarda ya rubuta gwaji guda ɗaya da zai iya rushe hasashen.