Yuropa, Taitan ko Enseladus: Ina Za Ka Aika Kumbonka?

A ce an damƙa maka asusun wata hukumar binciken sararin samaniya, aka ce kumbo ɗaya tak za ka gina zuwa watannin manyan duniyoyi. Kafin ka tambayi inda ya fi ban sha'awa, tambayi abin da wurin zai ci maka, don kowane wata da harajinsa.

Yuropa, watan duniyar Mushtari, shi ake rububi: teku ne a ƙarƙashin ɓawon ƙanƙara, wanda ake kyautata zaton ruwansa ya fi na tekunan duniyarmu yawa. Harajinsa radiyeshan, wato tururin makamashi marar ganuwa mai gasa na'urori. Shi ya sa kumbon Europa Clipper na NASA, hukumar binciken sararin samaniyar Amurka, da aka harba a Oktoban 2024, ba zai tare a gefensa ba. Zai riƙa kewaya Mushtari ne, ya kawo sura kamar shaho har sau 49, wani lokaci kilomita 25 kacal daga ƙanƙarar, sannan ya arce. Kwamfutocinsa ma a cikin akwatin ƙarfe mai kauri aka kulle su. Kuɗin aikin ya kai kimanin dala biliyan 5.

A can sola na aiki, amma da ƙyar. Hasken rana kusan kashi 1 cikin 25 ne na wanda muke samu, sai da aka ba Clipper fikafikan sola masu faɗin mita 30.

Da ka ƙarasa duniyar Zuhal, hasken ya koma kusan kashi 1 cikin 100, sai batirin nukiliya na fulutoniyam-238. Kayan nan ba a kasuwa yake ba: Amurka ta daina sarrafa shi a 1988, sai 2015 ta dawo tana fitar da ɗan kaɗan. Da shi Dragonfly zai yi aiki a Taitan, watan Zuhal; jirgi ne maras matuƙi da ake shirin harbawa a 2028 ya sauka a 2034. Dabarar ta burge ni: iskar Taitan ta ninka tamu kauri sau huɗu, nauyin abu kuma ya ragu zuwa kashi 1 cikin 7, don haka tashi ya fi birgima a kan taya sauƙi. Sai dai sanyin ya kai digiri 179 ƙasa da sifili, tafkunansa kuma na metan ne, wato gas da sanyi ya mai da shi ruwa-ruwa, ba ruwa ba.

Ni kam, Enseladus zan saya. Ɗan ƙaramin watan Zuhal ne, faɗinsa kilomita 500, amma yana feso ruwan tekunsa sama da kansa ta tsagogin kudancinsa. A 2005 kumbon Cassini ya gano feshin, daga baya ya ratsa cikinsa, ya ɗanɗano gishiri, a 2015 kuma ya shaƙo iskar haidurojin, irin wadda wasu ƙwayoyin halitta ke ci. Ba haƙa, ba sauka, kuma radiyeshan ɗin bai kai na Yuropa ba. Tsadarsa nisa ce da fulutoniyam. Cassini ya bar duniya a 1997, bai isa Zuhal ba sai 2004.