Argungu ko Yawuri: ina za ka kai iyali yinin bakin ruwa?

Ƙanen matata da ke aiki a Gusau ya zo mana hutu Birnin Kebbi da iyalinsa. Kwana biyu da sauka ya ce min, "Yaya, yaran nan sun matsa sai sun ga teku. Ina za mu je mu yini, mu dawo ba tare da dare ya yi mana a hanya ba?" Na gaya masa gaskiya, teku dai babu ita a Kabi, babu a Zamfara, sai an dangana da Legas ko Kwatano. Amma abin da ke kai mutane bakin teku, wato iska mai sanyi, ruwa iya ganinka, da kifin da aka fiddo yanzu aka ɗora a wuta, duk Allah Ya ba mu. A Faransa da Afirka ta Kudu, inda ake da gonakin inabi kusa da gaɓar teku, sukan haɗa irin wannan fita da ɗanɗanar giya. Mu addini ya raba mu da wannan. Abin ɗanɗanawarmu a ƙwarya yake: kindirmo, fura, zuma.

Abu uku nake aunawa kafin in zaɓi wuri. Za a iya zuwa a dawo kafin magariba? Zan ga fitowar kifin daga ruwa da idona, ko sai dai a ba ni labari? Idan za a shiga jirgi, akwai rigar kariya? Da wannan ma'auni wasu wuraren ba sa ma shiga lissafi. Madatsar Bakolori da ke wajen Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978, ruwa ne mai kyau, amma halin tsaron yankin bai kai in ɗauki yara in nufi can ba. Kadojin Girmace na Zuru abin kallo ne na awa ɗaya, ba wurin cin kifi ba ne. Dole Kaina kuwa hanyar 'yan kasuwar kan iyaka ce, shingayen bincike kaɗai za su cinye maka rabin yini. Saura biyu ke nan.

Argungu ita ce mai sauƙi. Daga Birnin Kebbi ba ka cika awa ɗaya a mota ba. Ka fara da gidan tarihi na Kanta, tsohon gidan sarautar Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958, yara su ga takubba, da masu, da tambura, da kayan su na kakanni. Daga nan ka gangara Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. UNESCO ta saka bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016, kuma a bikin 2020 giwan ruwan da ya ci gasa ya kai kilo 78. Duk wannan abin alfahari ne, ba na musu. Sai dai Matan Fada ruwa ne da ake killacewa domin ranar biki, ba kowa ke jefa koma a ciki ba sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Idan ka je ranar da ba ta biki ba, gulbi ne shiru da fadamar shinkafa kore shar. Idan ka je ranar biki, ƙura da turereniya ba za su bar ƙaramin yaro ya ga komai ba. Wanda ke da tsofaffi a mota ko jariri a goye, Argungu ta ishe shi.

Ni dai Yawuri nake kai nawa, kuma can na kai ƙanen matata.

Nisa ne kawai aibinta. Tafiya ce ta kusan kilomita 200, ta Kalgo da Jega da Maiyama da Koko, don haka da an sallame sallar asuba ake tashi, ba a jiran karin kumallo. Kwana ɗaya kafin tafiyar ka leƙa tasha ka tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum yadda take, su ne suka fi kowa sani. Amma da ka tsaya a bakin ruwa a Yalwa, babban garin Yawuri, gajiyar za ta tafi. Nan Kogin Neja ne da kansa, ya fara buɗewa yana shiga tafkin Kainji, wanda tsawonsa ya haura kilomita 100. Da sanyin safiya, in hazo ya sauka, ba ka ganin ɗaya gaɓar. Ƙaramar 'yar ƙanen matata ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, wannan ce tekun?" Ban ƙaryata ta ba, na ce mata wannan ce tamu.

Tafkin ba daɗaɗɗe ba ne. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ce ta tara shi, ruwa ya cinye garuruwa da tsibirai, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Cikinsu akwai Gungawa, mutanen gungu, waɗanda sunansu ma daga zaman tsibiri ya samo asali. Tsohuwar Busa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806 bayan ya wuce Yawuri, tana ƙarƙashin wannan ruwa. Ina so yara su ji wannan suna tsaye a wurin, ya fi zama a kai fiye da karatun aji.

Lokacin da na fi so shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Damina ta ɗauke, hanya ta bushe, amma kogin bai janye ba, domin ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini sai lokacin sanyi yake isowa nan. A lokacin ne za ka ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ciyawa, balbelu fari fat kan bishiya, kirinjijiya na wucewa garke-garke da kukansu, shirwa na shawagi bisa masu gyaran kifi. Akwai dorina a wannan ruwa, ba tatsuniya ba ce. In mai jirgi ya ce ba a bin wani lungu, kada ka matsa masa don son ɗaukar hoto.

Kifi kuwa, a nan ne Yawuri ta yi wa kowa nisa. Ka isa kafin ƙarfe 10, lokacin da masunta ke dawowa da abin da taru da mamari suka kama cikin dare. Za ka ga giwan ruwa, da ragon ruwa, da ƙarfasa, da kurungu, da balli, da tsage mai haƙora, in ka yi sa'a har da yauni. Shawarata ita ce ka sayi ɗanye a hannun masunci, ka kai wa mata masu suya ko masu gashi su yi maka a gabanka, ka biya ladan aiki daban. Ƙarfasa don gashi da yaji da albasar Yawuri. Ragon ruwa don romo, a ci da tuwon shinkafa. Yauni kuwa tsada gare shi, amma wanda ya taɓa cin miyarsa ya san inda kuɗinsa ya tafi. Giwan ruwa suna ne da shi, kowa shi yake tambaya, shi ya sa ake tsawwala masa kuɗi, kuma shi ya sa aka fi yin ƙarya da sunansa idan an yanka shi gunduwa-gunduwa. Kada ka sayi gunduwar da ba ka ga kanta ba.

A nan ne nake so a saurare ni da kyau, domin na taɓa ƙonewa. Wata shekara ina dawowa, na tsaya a bakin hanya na sayi manyan banda guda biyu zan kai wa surukata tsaraba. Sai sheƙi suke, baƙi sumul, mai sayarwa yana rantsuwa shekaranjiya aka sauke su daga wuta. Na kai har gida, na durƙusa na miƙa. Da Inna ta sa hannu ta ɓare ɗaya a gabana, cikinsa ya zama gari, tsutsa na motsi, ga wani wari kamar na fiya-fiya da ya cika ɗakin. Ba ta ce komai ba sai "Allah Ya yi albarka, ɗana." Ta tura kwanon gefe. Wannan kunyar har yau ba ta sake ni ba.

Daga baya wata dattijuwa mai banda a Yalwa ta zaunar da ni ta koya min. Ta ce, "Ɗana, kihi na ƙwarai ba ya ƙyalli. Wanga da kag gani yana walƙiya, mai anka shafa mai." Tsohon banda ne ake shafa wa mai don ya koma kamar sabo. Ka ɗauka ka ji nauyinsa, ka ƙwanƙwasa, ka girgiza a tafin hannu. In gari ya zubo, ƙwari sun riga ka. Ka nemi a ɓare ɗaya, ka ce za ka biya ko ba ka saya ba. Mai gaskiya ba ya ƙi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne na biyun da ta faɗa: in ka ga tulin kifi a kasuwa, ƙuda na kan na kowa amma ba ya sauka kan na mutum ɗaya, ka wuce. Maganin ƙwari aka fesa masa don kada ya lalace, kuma wanki da ruwan zafi ba ya ba ka tabbacin ya fita.

Ɗanyen ma yana da nasa. Akwai marasa tsoron Allah da ke zuba guba irin su Gamalin a ruwa su kwashe abin da ya taso. Alamarsa, za ka ga manya da 'yan mitsi-mitsi iri daban-daban a tuli ɗaya, jikinsu ya saki, suna saurin ruɓa. Lafiyayyen kifi idonsa garau yake, in ka ɗaga murfin gefen kansa za ka ga ciki ja wur, in ka danna tsokar da yatsa ta dawo. Sai kuma tarwaɗar kiwo da ake kawowa bakin ruwa a sayar da sunan ta gulbi. Ba haramun ba ce, amma ba kuɗinsu ɗaya ba. Ta kiwo duk kansu ɗaya kamar an auna, ciki cike da kitse. Kada ka ga kana bakin kogi ka saki jiki. Ko a Argungu, a bikin 2008, an kama wanda ya zo na ɗaya bayan an gano mataccen kifi ne ya shigo da shi daga wani wuri. In an yi wannan a gaban sarki da dubban jama'a, me zai hana a yi wa baƙo mai mota?

Haka batun ƙwarya. Ka ce a ba ka kindirmo ka ɗanɗana kafin a dama. Na gaske yana da kauri da maiƙo, tsaminsa kaɗan ne, yana kama ludayi. Tsala kuwa an riga an kaɗe man, an ƙara ruwa, wasu su zuba garin kuka ko na rogo don ya yi kauri. Za ka ji shi da gari-gari a harshe. Ruwan da aka ƙara shi ne abin tsoro ga cikin yara, don haka ka riƙo ruwanka da ƙanƙararka a kula daga gida, a dama maka da su. Zumar kwalba ta bakin hanya na daina saya gaba ɗaya, dafaffen sukari ya yi yawa a ciki. In ba da saƙarta na gan ta ba, na haƙura.

Saura jirgi. Masu tare baƙo tun daga bakin mota suna cewa "Alhaji, ga jirgi," yawancinsu 'yan kamasho ne, ba su da ko filafili. Ka wuce su ka je tashar jiragen, ka yi magana da mai jirgin da bakinsa a gaban shugabanninsu. A yanke kuɗi, a yanke inda za a kai da lokacin dawowa, ka ba da rabi, sauran sai an sauke ku. Kada ka shiga jirgin kasuwa da aka loda wa buhuna da babura don araha. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane fiye da 100 suka salwanta, a wannan ruwan dai. Ƙarƙashinsa akwai kututturan bishiyoyin da tafkin ya shanye, ga lodin da ya wuce kima. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya. In mai jirgi ya ce maka "ai mu nan anka haihe mu," ka ce masa yaranka ba nan aka haife su ba. Ka duba rigar da hannunka, maɗaurinta na kamawa ko ya tsinke, kuma akwai daidai jikin yaro. Ranar da muka je, riguna huɗu kawai muka samu masu kyau, mu kuma mu tara ne. Sai muka kasu, aka yi sawu uku kusa da gaɓa, kowane minti 20.

Mun yi azahar a Yalwa, muka sa ragon ruwa biyu cikin kula, muka ɗaure buhun albasa a bayan mota. Ƙarfe 2 muka kama hanya, magariba ta same mu a Kalgo.