Kwana uku a jirgin ruwan wasu ma'aurata, daga Legas zuwa Badagry

Shekara goma sha huɗu ke nan ina kai albasa daga Sakkwato zuwa kasuwar Mile 12, amma ban taɓa sa ƙafa cikin jirgin ruwa a Legas ba. Iyakata in leƙa ruwa ta tagar mota idan muna bisa gadar Third Mainland. Maiɗakina ce ta jawo wannan tafiya. 'Yar Wamakko ce, a bakin gulbi ta tashi, ta kuma daɗe tana cewa tana son ganin teku da idonta. A watan Janairu na tafi da ita, wani abokin ciniki ya haɗa mu da wasu ma'aurata masu jirgin ruwa na kansu, waɗanda ke ɗaukar baƙi biyu zuwa huɗu su zaga da su gaɓar teku.

Jirgin shi ne gidansu. Mijin, wanda kowa ke kira Kyaftin, ya yi aikin manyan jiragen dakon kaya har ya yi ritaya. Da 'ya'yansu suka kama gabansu, sai suka sa 'yan haya a gidansu na tudu suka komo bisa ruwa. Matar tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, don a Birnin Kebbi ta yi bautar ƙasa, wannan kuwa ya sa Hajiya ta saki jiki tun a sa'ar farko. Tsawon jirgin bai wuce mita 12 ba. Akwai ɗakin kwana biyu, kowanne gado ne kawai da ɗan wurin tsayawa, sai madafa mai rishon gas, da banɗaki guda, da sola a rufi mai cajin batir.

Ba mu gama sallama ba Madam ta miƙo mana rigunan kariya. Na ce zan sa in mun tashi. Ta ce a'a Alhaji, ba a kwance igiya sai kowa ya ɗaure tasa. Da hannunta ta ja maɗaurin ta Hajiya a bisa hijabi, ta kama kafaɗun rigar ta ɗaga sama don ta ga ko za ta zame ta kai, sannan ta nuna mana ɗan usur da ke rataye a ƙirji. Hajiya ta dube ni, na san abin da ke ranta. A watan Agustan 2025 kwale-kwale ya kife da 'yan kasuwa a hanyarsu ta zuwa Goronyo, kafin nan a 2022 an yi asarar yara da matasa a yankin Shagari. Mu da muka sha zuwa gaisuwar irin wannan rashi, ganin mai jirgi ya ƙi tashi saboda riga ɗaya abu ne da ya taɓa mu ƙwarai. Da wannan kaɗai na ji kuɗina bai tafi a banza ba.

Mun tashi daga wajen Ikoyi, muka bi mashigin Five Cowrie, muka ratsa ta inda manyan jirage ke shiga Apapa, muka kwana a Tarkwa Bay, wurin da ba a zuwa sai ta ruwa. Wannan ɓangare bai burge ni sosai ba, hayaniya da kiɗa sun yi yawa har dare ya raba.

Abin da na fi zura wa ido shi ne yadda mutanen nan biyu ke aiki. Shi yana sitiyari, ita tana gaba da igiya da anga, wato ƙugiyar ƙarfen da ake saki ƙasan ruwa ta riƙe jirgi. Ƙarar inji ba ta bari a ji magana, don haka da hannu suke zance: ta dunƙule hannu ya tsaya, ta nuna hagu ya karkata. Kwana uku ban ji ɗayansu ya ɗaga wa ɗaya murya ba. Kowace safiya suna zama da ɗan littafi su rubuta man da ya rage da ruwan sha da ya rage, su duba lokacin cikar ruwa. A nan na san cewa ruwan can yana cika ya janye sau biyu a rana, kuma wurin da ka wuce lafiya da hantsi kana iya kafewa cikin laka da la'asar. Namu gulbin da damina yake cika, da rani ya ja baya, shi ke nan.

Ruwan daɗi kuwa awo ake yi masa. Wanka da rabin bokiti, wanke-wanke da ruwan gishiri sannan a ɗauraye. Mu alwala da ruwan teku muka riƙa yi, tunda malamai sun karantar da mu mai tsarki ne, sai dai yana barin ɗanɗanon gishiri a baki. Kyaftin ba Musulmi ba ne, amma duk lokacin salla yakan rage gudu, ya duba kamfas ya nuna mana arewa maso gabas, ya riƙe jirgin a saiti har mu sallame. Ban roƙe shi ba, shi ya tambaya tun ranar farko.

Rana ta biyu ce ta zo da wahala. Kyaftin ya ce bari ya fitar da mu bakin teku ta gaske, bayan dogayen duwatsun da aka jera don karya igiyar ruwa. Muna fita jirgin ya soma hawa da sauka kamar raƙumi mai sauri. Ba a yi minti ashirin ba Hajiya ta kama ƙarfe ta ce, "Alhaji, wanga ruwa ba irin namu ba na, a mai da ni." Ta yi amai har sau uku. Sun juya nan take, Madam ta ba ta citta ta tauna, ta ce ta riƙa kallon nesa inda ruwa ya haɗu da sama. Amma a nan ina da ƙorafi: ya kamata su gaya mana tun daren jiya, a nemi maganin jiri, a kuma rage karin kumallo. Sun saba da abin har sun manta baƙo bai saba ba.

Daga nan muka shiga rafin Badagry, wanda ke tafiya yamma kafaɗa da kafaɗa da teku, siririn tudu ne kawai tsakaninsu. Ruwan kwance yake. Muka wuce Tin Can da Snake Island da Ibeshe, gine-gine suka ƙare, sai kwakwa da itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwa, da masunta suna jefa birgi. Hazon hunturu ya sauko har can, rana ta yi ja kamar ta gida. Sau ɗaya inji ya mutu, leda da kainuwa sun naɗe farfela. Kyaftin ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga ruwa da wuƙa, Madam tana riƙe da ɗaya bakin igiyar, ba ta ɗauke ido daga kansa ba har ya fito.

Badagry ta ba ni abin da ban zo nema ba. Mun ga benen da aka gina a 1845, wanda ake cewa shi ne na farko a Najeriya, da ɗakunan tsare bayi na Seriki Abass, sannan muka ƙetara tsibirin Gberefu muka taka hanyar yashin da ake bi da bayi zuwa bakin teku. Cikin waɗanda aka kwashe daga wannan gaɓa zuwa Barazil har da Hausawa, kuma Musulmin cikin bayin ne suka yi boren Bahiya na 1835. Hajiya ba ta ce komai ba a hanyar, carbi kawai take ja. Daga wannan gari ne kuma Bature Clapperton ya kamo hanya a ƙarshen 1825 ya nufo Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Sakkwaton ya mutu a 1827. Tafiyar da ta ci masa watanni ita ce motocinmu na albasa ke yi cikin 'yan kwanaki.

Sauran abubuwan da ban ji daɗinsu ba: ɗakin kwana yana da zafi in iska ta tsaya, fanka ɗaya ce ƙarama, sauro kuma bai raga mana ba a daren Badagry. Banɗakin famfon hannu ne, kuma matsattse, mai jiki zai sha wuya. Abinci kifi ne sabo kullum, Madam ta kiyaye mana ba ta kawo naman da ba mu san yankansa ba, amma manja da barkono sun yi mana yawa. Kilishi da garin fura da muka yi guzuri su suka cece mu. Sai batun kuɗi. Abin da muka yi ciniki ya kusa kuɗin tikitin jirgin sama na mutum biyu daga Sakkwato zuwa Legas da komowa, amma ranar ƙarshe aka ce in cika na mai, don tsayawar Gberefu ba ta cikin lissafi. Ban ga alamar cuta ba, har littafin man ya buɗe mini, sai dai da an faɗa tun farko ya fi.

Wanda zai je, ya je da rani, ya tambaya ko kuɗin mai na ciki, ya ɗauki gidan sauro, kuma in da tsoho ko mai juna biyu a tsaya cikin rafi kada a fita teku. Kwana biyu ma sun isa in an tsallake Tarkwa Bay.

Kafin mu baro Legas Madam ta raka Hajiya inda ake sayar da rigunan kariya, muka sayo huɗu don ƙanenta da ke ƙetarar da mutane zuwa fadama a Wamakko. Da muka koma yi musu bankwana mun tarar tana jera jarkokin ruwa a bayan jirgi, shi kuma yana duba agogo, suna jiran ruwa ya cika su nufi Epe.