Mun je bikin teku na masunta ni da yara, ga yadda na ga hidimar masu kai mutane

Salam jama'a. Tun da na sa hotunan nan a status mutane ke ta kirana, wai Malam ina ne nan, nawa kuka biya, akwai tsaro, za a iya zuwa da iyali, to bari na rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, duk wanda ya sake tambaya sai in tura masa wannan.

Ni dai sana'ata bandar kifi a Mile 12, kayan Arewa nake saukewa, tarwaɗa da karfasa, shekara 11 ke nan ina Legas amma wallahi ban taɓa shiga jirgin ruwa ba sai ranar Asabar ɗin nan, kuma na san irina suna da yawa a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, muna zaune a bakin teku amma tekun daga kan gada kawai muke hango shi ta tagar danfo. Malamar su ɗana Sadik ce ta turo takarda cewa wasu matasa suna kai mutane wani ƙauyen masunta can gaba da bakin tekun Tarkwa Bay, ana ɗan biki saboda ranar teku ta duniya da ake yi duk 8 ga Yuni. Kuɗi ɗaya za ka biya, a ciki akwai jirgi zuwa da dawowa, abincin rana, da mai zagawa da ku yana bayani. Na biya 15,000 nawa, yara biyu 8,000 kowanne, tiransifa na yi tun ranar Laraba suka turo min rasit a WhatsApp. Maman Sadik ta ce ita kam a'a, ruwa ba sa'an kwando ba ne, mu je mu ba ta labari.

A taƙaice in ana ba da maki biyar zan ba su uku da rabi. Ilimin da yara suka samu ya ci biyar cif, dawowa ce ta zubar musu da sauran, zan zo kai.

Tafiya da safe ba laifi. An ce 9, mun tashi daga jeti 9:30, kowa an ba shi rigar ruwa kuma akwai ƙanana daidai jikin yara, wannan na duba da idona kafin in yarda mu shiga, don na sha ganin an sa wa yaro rigar babba tana masa yawo a wuya. Wani ya tsaya da takarda yana rubuta sunan kowa da lambar waya. 'Yata Hafsa ta riƙe min hannu gam har muka wuce manyan jiragen nan na kwantena da ke shiga Apapa, daga ƙasa in ka ɗaga kai ka kalle su sai ka ji kamar bene ne yake tafiya a kan ruwa.

Mai mana bayani wata yarinya ce Bayarabiya ɗalibar kimiyyar teku, yara suna ce mata Anti, tana turanci tana haɗawa da burokin, kuma da ta gane mu Hausawa ne sai ta riƙa tsayawa tana jira in fassara wa Hafsa, wannan ya burge ni sosai don ba dolenta ba ne. Tun a cikin jirgi ta fara. Ta nuna mana dogayen duwatsun nan da aka jera suka shiga cikin teku a bakin mashigar Legas, ta ce Turawa ne suka fara zuba su tun 1908 don yashi ya daina toshe wa jirage hanya. To ashe teku a gefen nan yana kwasar yashi ne daga yamma yana kai shi gabas, da duwatsun suka tare sai yashin ya riƙa taruwa ta yamma, gabas kuma ya daina samu, shi ne ruwa ya yi ta cin bakin tekun Bar Beach shekara da shekaru har yana hawowa kan titi, wurin da yanzu aka cike aka yi sabuwar unguwar Eko Atlantic. Ni na sha jin manyanmu na Obalende suna labarin Bar Beach da yadda ruwa ya cinye ta, amma ban taɓa jin dalili ba sai ranar.

Bikin kansa ba wani gagarumi ba ne, kar wanda ya san Argungu ya je da tunanin zai ga dubban mutane da ƙwarya da koma ana rububin giwan ruwa. Rumfuna ne kamar shida a kan yashi, da makaɗa, da tseren kwale-kwale na samarin ƙauyen wanda aka yi cikin minti 20 aka gama. Amma akwai rumfa ɗaya da ita kaɗai ta isa kuɗina.

Sun ajiye madubin nan mai ƙara girman abu guda biyu a kan tebur. Anti ta ba Sadik kofi ta ce ya je da kansa ya ɗebo ruwan teku, ya ɗebo, ruwa garau ba ka ganin komai, ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi ta ce leƙa. Yaron nan ya leƙa ya ɗago ya ce "Abba wallahi motsi suke!" Na ce matsa in gani. Jama'a a cikin ɗigo ɗaya akwai halittu suna kai da kawo, wasu kamar jatan lande ƙanana, wasu koraye kamar an zana su da rula, ban san lokacin da na ce Subhanallah da ƙarfi ba har mutane suka juyo. Ta ce korayen nan tsirrai ne, su ne abincin ƙananan kifi, ƙananan kuma abincin manya, kuma kusan rabin iskar oksijin da duniya ke shaƙa daga irinsu take fitowa. Ni da na ɗauka bishiya ce kawai ke wannan aikin.

A gefe kuma sun dafa lita ɗaya ta ruwan teku har ta ƙafe, gishirin da ya rage a tukunya suka auna a gabanmu, ta ce a tsakiyar teku yana kai giram 35 a kowace lita. Sai ta kawo na lagun, wato ruwan nan na cikin Legas da ke haɗe da teku, ta ce mu ɗanɗana da yatsa, shi gishirinsa kaɗan ne saboda damina koguna suna zubo masa ruwan daɗi, kuma wai shi ya sa ciyawar nan mai kama da kainuwa take cika hanyar ruwa ta Ikorodu idan ruwa ya yi yawa, in rani ya zo gishiri ya shigo sai ta mutu da kanta. Nan take ayar Suratur Rahman ta faɗo min ta tekuna biyu da suke haɗuwa, na karanta wa yara a wurin, Sadik dama ya haddace ta a islamiyya sai ya ƙarasa min.

Wanda ya fi zauna min a rai shi ne wani dattijon masunci, kowa Baba yake ce masa, yana zaune yana ɗinkin taru yana ba da labarin kififiyar teku. Anti ke fassara. Ya ce da dare take fitowa ta haƙa rami a yashi ta zuba ƙwai ta rufe ta koma, bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fito su nufi ruwa. Ya ce a da in sun kama ta yanka suke yi, ƙwan ma su kwashe, bai ɓoye ba, yanzu kuma in ta faɗa taru yanke zaren yake yi ya sake ta duk da asarar tarun a kansa take. Anti ta ƙara da cewa zafin yashi ne ke sa ƙwai ya zama mace ko namiji, in yashi ya yi zafi mata sun fi yawa. Sai suka nuna hoton ledojin da aka ciro daga cikin wata da ta mutu, wai a cikin ruwa leda tana mata kama da wata halitta mai yauƙi da take ci. Gaskiya jikina ya yi sanyi, don ni a rana Allah kaɗai ya san baƙar leda nawa nake ƙulla wa kwastoma kifi a ciki, kuma na san kwatar kasuwarmu inda take zubawa. Na tambayi Baba ko akwai ayu a ruwan nan, na kwatanta masa da hannu, ya yi dariya ya ce akwai a cikin lagun amma ya daɗe bai gani ba. Na ce masa mu ma a Binuwai da Neja haka sarkawa ke faɗa.

Abinci dai matsakaici. Shinkafa jalof da gasasshen kifi ɗaya, kifin sabo ne kam na san kifi, amma shinkafar ta huce kuma yajin ya yi wa Hafsa yawa ta kasa ci. Na tambaya ko an sa wani nama a girkin aka ce a'a kifi ne zalla, shi dai na teku ba shi da matsalar yanka. A faranti suka zuba ba a farar robar nan ta tekawe da gwamnatin Legas ta hana tun 2024 ba, sun kyauta. Wurin sallah babu, ruwan alwala ma babu, da na teku muka yi, dama mai tsarki ne, muka shimfiɗa ɗankwalin Hafsa da jallabiyata a bayan wata rumfa muka yi azahar. Na gaya wa shugabansu cewa tabarma biyu da buta ba za su ci musu komai ba, ya ce Alhaji yi haƙuri ba mu yi tunanin haka ba, kuma na ga alamar ya ji.

Yanzu abin da ya ɓata min rai. An ce dawowa ƙarfe 4. Muka zo bakin ruwa 3:45, babu jirgi. Biyar ta wuce babu jirgi, hadari ya haɗo ta gabas, iska ta fara tashi, yara sun gaji, wanda ya karɓi kuɗinmu wayarsa a kashe. Ashe jirage biyun da suka kawo mu ɗaya ya tafi wani aikin haya daban. Sai wajen 5:40 ɗaya ya zo, kuma suka ce wai mu duka mu shiga, mutanen jirgi biyu a jirgi ɗaya, rigunan ruwa ba su kai ba. Na ce wallahi 'ya'yana ba za su shiga ba, wata mata Ibo mai yara uku ita ma ta tsaya a bayana, aka yi ta cacar baki, direban yana cewa oga ba komai mintina 15 ne kawai. Mintina 15 a kan ruwa da iska da yara ba riga? Kowa ya san yadda jirage ke kifewa a ƙasar nan, lodi fiye da ƙima da tafiyar dare, ba sai an gaya wa mutumin Yawuri ba. Anti ce ta shiga tsakani ta ce a yi sawu biyu, masu yara su fara tafiya, ita ta zauna da sauran. Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri. Mun sauka ana kiran magariba, yayyafi ya fara, sannan ga gosulo har Agege, sai wajen 9 muka shiga gida, Maman Sadik ta kira ni ya fi sau goma.

Washegari sun turo saƙon ban haƙuri a guruf, amma ba wanda aka mayar wa ko naira.

To wanda zai je, ni ban hana ba, in ma so samu ne malaman islamiyyunmu su haɗa yara su kai su, amma kafin ka tura kuɗi ka tambaye su jirgi nawa ne kuma zai wuni a wurin yana jiranku ko tafiya zai yi, a rubuta maka a WhatsApp. Ka ƙirga rigunan ruwa da kanka. Ka tafi da dardumar sallah da ruwan sha da ɗan biskit na yara, da tsabar kuɗi a aljihu don netwok ɗin wurin ba ya ɗaukar POS, kuma ka ce a sa ku a sawun farko na dawowa. Yashin akwai zafi da rana, Hafsa ta cire silifas sau ɗaya ba ta sake ba. Kar a bar yaro ya shiga ruwan ko zuwa gwiwa, igiyar gefen nan tana ja da ƙarfi, masuntan da kansu suka yi ta gargaɗi.

Sadik ya dawo da ruwan teku a gorar roba ya ajiye a kan taga, wai zai kai makaranta ya tambayi malamarsu ko suna da madubin. Yau kwana huɗu, na ce masa abubuwan ciki sun mutu tuni, ya ce shi dai sai ya kai.