Batirin zuciya a Faransa da a gida: tambayi mashin ɗin dubawa kafin a yanka

Ƴan'uwa na Tawa, muna gaishe ku daga Faransa. Tambayar da ta fi zuwa mana daga iyalan masu ciwon zuciya ita ce ta kuɗin "pil", wato batirin da ake dasawa a ƙirji. Kuɗin na da nauyi, amma akwai abin da ya fi shi, kuma shi aka fi mantawa.

Na'urorin iri biyu ne. Pacemaker na mai zuciyar da ke tafiyar hawainiya ne, bugu 30 ko 40 a minti, ga jiri ga faɗuwa. Defibrilater kuwa na wanda zuciyarsa kan ruɗe da gudu ne har ta kasa tura jini, sai na'urar ta fizge ta da kuran ta dawo hanya. Ta biyun ta fi girma, kuɗinta ya ninka na ta farko. Ba a dasa ta don ƙafa ta kumbura kawai. Sai eko, wato hoton zuciya, ya nuna ƙarfin tura jini bai wuce kashi 35 cikin 100 ba bayan an sha magani aƙalla wata 3, ko kuma zuciya ta taɓa tsayawa aka ceto mutum. Wannan jiran na da amfani ƙwarai ga masu jego da zuciyarsu ta yi rauni bayan haihuwa, ciwon da ya yi yawa a ƙasar Hausa, domin da dama cikinsu kan farfaɗo da magani kaɗai.

Aikin kansa ba shi da tsawo. Allurar kashe zafi a ƙasan kafaɗar hagu ta gaba, a zura waya ɗaya zuwa uku ta jijiya har cikin zuciya, a binne akwatin ƙarƙashin fata. Awa ɗaya ko biyu, kwana ɗaya ko biyu a likita.

Bambancin nan da gida a bayan aikin yake. A Faransa inshorar lafiya ta gwamnati ce ke ɗaukar nauyin mai irin wannan ciwo, kuma sau da yawa a ba shi wani ɗan akwati ya ajiye a gefen gado, wanda ke aika wa lokotoro labarin zuciyar da dare yana barci. A gida kuwa ƙwararrun zuciya galibi suna Yamai, tafiyar kilomita kusan 550 daga Tawa, alhali pacemaker na son dubawa duk wata 6 zuwa 12, defibrilater duk wata 3 zuwa 6.

To ga inda gizo ke saƙa. Medtronic, Abbott, Boston Scientific, Biotronik da MicroPort, kowane kamfani da nasa mashin ɗin karanta na'ura, na wannan ba ya saita na wancan. Wanda ya tafi Tunisiya, Maroko ko Indiya aka dasa masa samfurin da lokotoronsa na Yamai ba shi da mashin ɗinsa, ya dawo da abin da ba mai iya sanin sauran batirinsa. Saboda haka kafin a yanki tikiti a tambayi lokotoron gida samfurin da yake iya dubawa, a rubuta sunan a kai wa mai aikin. A dawo da katin na'ura da takardar saitinta, a yi musu hoto a salula. A kuma tuna batirin pacemaker kan yi kamar shekara 8 zuwa 12, na defibrilater ƙasa da haka, kuma ba caji ake yi ba, akwatin duka ake canzawa a bar wayoyin. Kuɗin aiki na biyu tun yau ake fara tara shi.

Sati 4 zuwa 6 na farko kada gwiwar hannun hagu ta wuce kafaɗa. Ba daka, ba jan guga, ba ɗora tulu a ka, don waya na iya gocewa kafin ta kama nama. Salla ba ta da matsala. Zafin Adar da zufa su ne abin tsoro ga miki: in wurin ya yi ja, ya kumbura ko ya fara ruwa, kada a matse, kada a shafa komai, kada a tsaya ga ƙwayar mai tebur. Ƙwayar cuta in ta kama na'ura, yawanci sai an cire akwati da wayoyi gaba ɗaya.

Salula ta yi nesa da akwatin da santimita 15, wato ba a aljihun gaban riga ba, kuma a amsa da kunnen dama. Mayen ƙarfe a kan defibrilater yana hana shi fizga. Mai walda da mai gyaran gurup ko mota tana aiki, su yi shawara da lokotoro kafin su koma sana'a. A Turai mai defibrilater ba ya tuƙa bas ko babbar mota, kuma mu a ganinmu direban gida ma ya ɗauki wannan da gaske.

In na'urar ta fizge mutum sau ɗaya ya ji garau, ya zauna ya kira lokotoro a ranar. In ta maimaita cikin yini guda, ko ya suma, a tafi likita nan take. Wanda ke riƙe da shi lokacin fizgar ba abin da zai same shi, kada a gudu a bar shi.