Kafin Ka Canza Lasifikar Tsohuwar Amfilifayar Jita a Jos

Kawuna ya yi shekaru yana kaɗa jita a wata majami'a a Bukuru, da ya tsufa sai ya bar mini amfilifayarsa, wato akwatin da ke ƙara wa jita sauti, Fender Deluxe Reverb mai fuskar azurfa, irin ta shekarun 1970. Wat 22 ce kawai, da lasifika ɗaya mai inci 12. Wani hunturu ta fara kakari duk lokacin da na taɓa tsirkiya mafi kauri, kamar an maƙale takarda a fanka. Na ɗora ta a Keke na kai wa wani mai gyaran rediyo. Ya leƙa bayanta ya ce, "Oga, takardar wannan lasifikar ta gama aiki. Ga wata nan mai wat 300, har jikokinka ba za su ƙona ta ba." Na amince. Da na dawo gida na jona jita, ƙara na nan, amma muryar da na sani tun ina yaro ta tafi. Sautin ya daskare, ba zaƙi, ba rai. Bayan kwana uku na koma neman tsohuwar, ya ce ai 'yan jari bola sun ɗauka saboda maganaɗisun. Har yau abin yana ci mini rai, shi ya sa nake so mai irin wannan kaya ya san abin da zai auna kafin ya fitar da kuɗinsa.

Abin da mai gyaran ya sa mini lasifikar taro ce, irin ta masu kiɗan biki. An ƙera ta ne don ta fitar da abin da aka ba ta ba ƙari ba ragi. Ta jita kuwa da gangan ake yin ta da nata hali. Takardarta sirara ce, tana lanƙwasa idan an matsa mata, kuma daga wajen hez 5,000 zuwa sama (hez shi ne ma'aunin kaurin sauti ko sirantakarsa) sai ta fara yanke sauti, wanda shi ke hana kaifin jita ya soki kunne. Tsirkiya mafi kauri tana wajen hez 82, don haka jita ba ta da buƙatar irin dundun ɗin da ke girgiza ƙirji a wurin biki. A tsohuwar amfilifaya babu wani sashe guda da za ka canza ya juya murya kamar lasifika. Canza kwalaben nan masu haske, waɗanda masu gyara ke ce wa bawul, bai kai rabin haka ba.

Amma kafin a kai ga saye, ka tabbata laifin nata ne. Cire wayarta daga bayan amfilifaya ka jona akwatin lasifikar wani abokin kiɗa mai om iri ɗaya (om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wutar da ke shiga cikinta). Idan kakarin ya biyo ka, matsalar tana cikin injin, watakila bawul ya gaji ko kafasito, ɗan abin nan da ke adana wuta, ya bushe. Idan ya tsaya, to kashe wuta, ka ɗora yatsu huɗu kewaye da tsakiyar takardar ka tura a hankali. In ka ji ƙarar gogayya kamar yashi, koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke bayan takardar, shi ne ke shafar maganaɗisu. A nan Jos ƙurar hunturu tana shiga wannan ɗan tsagin, damina kuma ta jiƙa takarda ta saki gam, ga kyankyaso da ɓera idan kayan sun daɗe a sito. Sau da yawa ɗan yagewa ce da gam mai laushi da siririyar takarda za su rufe.

Duba kuma lambobin da aka buga a bakin ƙarfen lasifikar. Kamfanonin Amurka suna da lambar shaida: 220 na Jensen ne, 465 na Oxford, 328 na Utah, 137 na CTS, 67 na Eminence. Lambobin da ke biye suna nuna shekara da mako. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan a tsohuwar Fender, mai yiwuwa da ita aka haife ta, kuma darajar amfilifayar a kasuwa tana tare da ita. Ko ka sa sabuwa, naɗe tsohuwar ka ajiye a kwali, fuska a ƙasa, wurin da ba laima.

Zaɓi na farko ke nan, a yi wa tsohuwar sabuwar takarda da koyil. Shi ya fi sauƙin kuɗi, kuma masu wannan sana'a ba su da wuyar samu a garin nan. Inda gizo ke saƙa shi ne kayan da suke sawa. Yawancin takardun da ke hannunsu na lasifikar taro ne, masu kauri, da koyil da aka naɗa da hannu ba tare da an kula da nauyinsa ba. Za a dawo maka da tsohon ƙarfe da baƙuwar murya. Idan za ka bi wannan hanya, ka nemo kayan gyaran da aka yi don wannan samfurin ka kai masa, aikin hannu kawai za ka biya.

Idan sabuwa za ka saya, lissafi biyu ne ba a wasa da su. Na farko om. Deluxe Reverb tana son om 8. Twin Reverb mai wat 85 tana da lasifika biyu masu om 8 da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa suka ba da om 4. Super Reverb da tsohuwar Bassman ta 1959, masu lasifika huɗu 'yan inci 10, om 2 suke aiki da shi. Mitar auna om ba za ta nuna maka adadin cif ba: mai om 8 takan nuna tsakanin 6 da 7, mai 16 kuma wajen 12 zuwa 14, wannan daidai ne. Amfilifaya mai bawul kada a kuskura a kunna ta ba lasifika a jone, taransfomar fitar da sauti za ta iya ƙonewa, kuma samun irinta a nan aiki ne ja. Mai taransista, wato wadda ba ta amfani da bawul, irin su Roland JC-120 da ta fito a 1975 ko Peavey Bandit da ake yawan gani a majami'u, nata haɗarin daban ne: kada om ya yi ƙasa da abin da aka rubuta a bayanta.

Na biyu wat. Amfilifaya mai bawul idan aka buɗe ta sosai tana wuce abin da aka rubuta mata, don haka ni ina neman lasifikar da ta ninka ƙarfinta sau ɗaya da rabi zuwa biyu, ko fiye da haka kaɗan. Ga mai wat 22, wat 35 zuwa 50 ya wadatar. Wat ɗin lasifika zafin da za ta iya jurewa yake nufi, ba ƙarar da za ta yi ba, kuma a nan ne ake yawan ruɗin mutane a kasuwa. Ƙara tana ga wata lamba daban, ta desibel. Duk ƙarin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya. Ka cire lasifika mai 97 ka sa mai 100, kamar ka mayar da wat 22 ya zama 44 ne ba tare da ka taɓa waya ko ɗaya ba. Ga wanda ganga ke danne shi a majami'a, wannan alheri ne. Ga wanda ke kiɗa a ɗaki a Anguwan Rukuba da maƙwabta bango ɗaya, zai kasa buɗe ta zuwa inda take daɗi.

Sai batun maganaɗisu. Tsofaffin na shekarun 1950 na alniko ne, wato haɗin alminiyam da nikel da kobal. Da kobal ya yi tsada, a shekarun 1960 kamfanoni suka koma na siramik. A wajen Jensen harafin farko ke gaya maka: P alniko, C siramik. Makaɗa suna son alniko saboda laushinsa. Idan ka doki tsirkiya da ƙarfi sai ya ɗan risina ya lulluɓe bugun, sama kuma, wato siririn sauti, ta yi ƙararrawa mai daɗi. Siramik tsaye yake, ƙasansa, wato sautinsa mai kauri, a ɗaure, bugun farko yana fita tsaf. Alniko ya fi tsada nesa, kuma da yawa suna zuwa da hular ƙarfe a baya wadda kan tokare taransfoma ko bawul a ƙaramin akwati. Auna zurfin wurin da tef kafin ka tura kuɗi.

A kunnena, irin kiɗan da aka fi yi a Filato shi ya kamata ya yanke hukunci. Jitarmu ta majami'a da ta biki tsinka ce mai tsabta da sauri, irin salon Kwango da hailaif, a saman wuyan jita, ga ganga ga kibod ga mawaƙa ashirin. Wannan yana son sautin Amurka: sama mai haske, tsakiya a ɗan kwance, ƙasa a ɗaure. Jensen C12N mai wat 50 ita ce na fi nuna wa masu tsohuwar Fender. C12Q mai wat 35 ta fi ta sirantaka kuma ta fi saurin gurnani. C12K mai wat 100, wadda Fender ke sawa a sabbin Deluxe Reverb da Twin Reverb da take sake ƙerawa, ta fi duhu da nauyi, ta dace da Twin da ake buɗewa a fili. Ka sani dai Jensen ta yau a Italiya ake yin ta, kamfanin SICA ke ƙerawa, ba a Shikago ba kamar da, kuma sabuwa fil takan zo da kaifi har sai ta sha kiɗa. P12R ta alniko mai wat 25 tana da daɗi ƙwarai a situdiyo da ƙaramin ɗaki, amma ba zan fita da ita filin taro ba.

Celestion ta Ingila wata duniya ce. Ƙarfinta a tsakiya yake, inda muryar mutum take. Greenback mai wat 25 da desibel 98 ita ce muryar tsofaffin amfilifayoyin Marshall, ɗumi da ɗan ƙaiƙayi, tana saurin narkewa. Mai son irin jitar Buzayen Agadas, wadda ke da ɗan yashi a maƙogwaro, zai ji daɗinta, sai dai wat 25 a kan amfilifaya mai 22 tafiya ce a bakin rami. Creamback mai wat 65 tana ba da kusan wannan hali da kwanciyar hankali. Vintage 30, da ta fito a 1986, sunanta na ruɗi, wat 60 ce, desibel 100. Tana huda taro kamar mashi, kuma ita aka fi samu ta hannu saboda ta cika akwatuna da yawa. Amma a buɗaɗɗen akwatin Fender da jita mai siririn sauti, tana iya gajiyar da kunnen masu zama a layin gaba. Na gwada ta wata biyu na cire. Ita kuwa Blue ta alniko, wadda ta yi wa amfilifayar Vox AC30 suna, wat 15 ce kacal. Guda biyu a AC30 daidai, guda ɗaya a Deluxe asarar kuɗi ce ke jiran ranarta.

Eminence ta jihar Kentaki ba ta da tsada kamar waɗancan, tana da juriya, kuma tana da samfura na salon Amurka da na Ingila duka. Wanda aljihunsa bai kai ba kada ya ji ya rage wani abu. Nauyi ma abin dubawa ne ga mai hawa Keke da kaya kowace Lahadi: Vintage 30 kilo 4.7 ce, Neo Creamback mai sabon irin maganaɗisu ba ta kai kilo 2 ba.

Yawancin waɗannan ba a shagunan Ahmadu Bello Way za ka tarar da su a jere ba. Ko dai a aiko maka daga Alaba a Legas, ko wani mai dawowa daga waje ya riƙo maka, farashi kuma yana bin dala. Akwai jabu, musamman masu ɗauke da tambarin Celestion, don takardar liƙawa ba ta da wuyar bugawa. Ka sa a ɗauko maka hoton lambobin da ke bakin ƙarfe da na jikin takarda, a ɗora ta a sikeli, a sa mata mita kana gani. Ta hannu wadda aka ciro daga fasasshen akwati sau da yawa ta fi, don ta riga ta saki jiki. Ka riƙe batir mai bolt 9 a aljihu: taɓa shi a ƙafafunta, lafiyayya za ta yi tsalle da "ɗum" mai tsabta. Da wannan batir ɗin ne kuma za ka tabbatar lasifika biyu suna turawa gaba tare, in ba haka ba ƙasan sautin zai ɓace.

Wajen ɗaurawa, a ja kusoshi kaɗan-kaɗan, wannan gefe sai na daura da shi, kada a murɗe ƙarfen koyil ya fara shafa. Hannu kuma kada ya shiga cikin injin, kafasito na riƙe sama da bolt 400 ko an zare waya daga bango. Bayan nan a ba ta makonni tana shan kiɗa kafin a yanke mata hukunci. Tawa C12N ce a ciki yanzu. A watan farko na yi zaton na sake yin kuskure, sai a wata na biyu ta sauko. Ran da kawuna ya zo ya ji ta, ya karɓi jitar ya yi 'yan tsinke-tsinke, ya ce, "Ɗana, ta kusa. Rage mata sama kaɗan." Na mayar da tirebul, wato maɓallin sama, daga shida zuwa huɗu, a nan yake har yanzu.