Hoton nukiliya ko MRI don gane ko naman zuciya na da rai?

Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Tsakanin SPECT (wato hoton nukiliya) da MRI da likita ya ambata bayan bugun zuciyar don a gane ko naman zuciyarsa na da rai, ku yi MRI mai allurar gadoliniyam (sinadarin da ke haska tabo a hoto), muddin ƙodarsa lafiya.

Kaurin bangon zuciya kusan milimita 10 ne. MRI na rarrabe abin da bai wuce milimita 2 ba, don haka minti 10 zuwa 15 bayan allura tabon, wato naman da ya mutu, zai fito fari fat, a auna zurfinsa. Tabon da bai kai rubu'in kaurin bango ba, ana sa ran wurin ya farfaɗo idan an buɗe jijiya. Wanda ya haura rabi, da wuya. Amsar da likitan tiyata ke nema ke nan, kuma babu tururin radiyeshan.

SPECT kuwa idonsa bai kai nan ba. Siririn tabon da ke cikin bango yakan wuce shi, sai ya nuna wurin kamar babu tabo. Nono a mata da tumbi a maza kan tare hasken, lafiyayyen wuri ya fito kamar matacce. Idan jijiyoyi uku duk sun toshe, ko'ina ya dushe daidai, hoton ya yi kamar ƙalau. Idan da taliyam-201 aka yi, ɗaya daga cikin alluran SPECT, sai a sake hoto bayan awa 4, wani lokaci har awa 24. Ga tafiya Abuja ko Ibadan daga Sakkwato, ga jiran maganin da ake shigowa da shi daga waje, wanda ba ya ajiyuwa. Amfanin SPECT dai ga mai tsohon batirin zuciya ko wanda gwajin aikin ƙodarsa (eGFR) ke ƙasa da 30.

Ko a nan ma, ku fara tambayar likitan zuciya a UDUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo) batun eko, wato sikanin na zuciya, mai allurar dobutamin (maganin da ke ƙara wa zuciya ƙarfin bugu), ya fi sauƙin kuɗi.

Ku yi hattara da 'yan kamasho a bakin asibiti. Ba kowane MRI ke hoton zuciya ba. Kafin ku biya, ku tambaya: ƙarfin maganaɗisun injin ya kai Tesla 1.5? Ana haɗa shi da ECG, na'urar da ke bin bugawar zuciya? Wa zai karanta hoton? In suka fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku. Ku tafi da sakamakon ƙoda na kwanan nan.